Ina Tashar Jirgin Ruwa ta Sakkwato?

A wannan fili mun saba ɗauko labarin wani gari ko wata sana'a, mu duba mu ga abin da za mu koya. Yau kuwa labarin ruwa ne. Muna roƙon iyaye su karanta shi tare da yara, gama ƙarshensa ya shafi kowane gida.

Duk wanda ya san Sakkwato ya san birni ne na bakin gulbi. Gulbin Sakkwato ya taso daga wajajen Funtuwa, ya ratsa Gusau da Bakolori. Gulbin Rima kuma ya gangaro daga arewa maso gabas, ta Goronyo da Wurno. A kusa da birni suka haɗu, suka bi ta Argungu da Birnin Kabi, har suka faɗa Kogin Kwara kusa da Gwamba. Watau ruwan da ya wuce ta bayan gidajenmu, in rana ba ta shanye shi ba, zai bi ta Yawuri da Jebba da Lakwaja har ya kai teku. To, in haka ne, me ya sa Sakkwato ba ta da tashar jirgin ruwa kamar Lakwaja ko Anaca? Amsar ita ce, Sakkwato ta daɗe da tasha, amma kullum tashar tana nesa da ita. Bari mu bi sawunta.

Zamanin kwalekwale

Tun kafin Muhammadu Bello ya gina ganuwar Sakkwato a 1809, gulbin nan hanya ce. Sarkawa, masunta kuma gwanayen tuƙi, su ne masu ita. A ƙarni na 16 Kanta na Kabi ya kafa mulkinsa a Surame, wadda kufanta ke yamma da Sakkwato, kuma masu ba da tarihi sun ce ƙarfinsa bai tsaya ga doki kaɗai ba, har da jiragen ruwa da yake ratsa fadamu da su da damina. Har wa yau ana naɗa Sarkin Ruwa a garuruwan Kabi. Bikin kamun kifi na Argungu ma, wanda ya soma shahara da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, gadon waɗannan mutanen ruwa ne.

Amma gulbinmu yana da hali. Da damina ya cika ya batse, ya malale fadama. Da rani kuwa ya janye, wani wuri har yaro ya haye da ƙafa. Ga yashi, ga rassa barkatai, hanyar da jirgi ya bi bara ba lalle ita ce ta bana ba. Saboda haka babban jirgi ba ya iya zuwa bakin birni. Sai can kudu, inda ruwan Zamfara ya ƙaru a kan na Kabi, kwalekwale mai kaya yake samun zurfin da zai tafi wata da watanni. Wannan yana cikin dalilan da suka sa kasuwar Jega, a bakin Gulbin Zamfara, ta ƙasaita a ƙarni na 19. Jaki da raƙumi su kawo kaya daga arewa, kwalekwale ya kawo na kudu daga Kwara da ƙasar Nufe. Jega ce kwatar Sakkwato ta fari.

A bakin Kwara kuma akwai mashigai, irin su Illo da Yawuri. Nan fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suke sauka. Madugu ya je ya gai da sarkin gari, a yi cinikin kuɗin fito, sa'an nan a soma haye da ayari: mutane da kaya cikin jirgi, dabbobi kuwa sau da yawa a riƙe kawunansu a gefen jirgi suna iyo. Babban ayari yakan kwana biyu ko fi kafin ya gama hayewa. Sai dai kada mu ɓoye wa yara gaskiya: ba kanwa da tufafi da goro kaɗai aka haye da su ba. An haye da bayi, 'yan Adam kamarmu, aka gangara da su kasuwanni irin su Rabba, waɗansu har bakin teku, ba su ƙara ganin gida ba.

Sarkin Musulmi ya nemi ƙofar teku

A watan Maris 1824 wani Baturen Ingila, Clapperton, wanda mutane suka kira Abdullahi, ya iso Sakkwato ta hanyar Borno da Kano. Abin da ya dame shi shi ne ya san inda Kwara ta ƙare, gama a lokacin masanan Turai ba su sani ba. Kafin shi Mungo Park ya biyo kogin, ya hallaka a duwatsun Busa a 1806. Sarkin Musulmi Bello ya karɓi baƙon da kyau, suka yi ta zance. Bello mutum ne mai hangen nesa. Ya ga kayan Turai suna zuwa ta hamada daga Tarabulus, tafiyar watanni, da tsada da hatsari. Jar fatar akuyarmu ma ta can take fita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, ba su san ta Sakkwato ba ce. Sai ya rubuta wa Sarkin Ingila takarda, yana so a buɗe ciniki ta hanyar ruwa, a aiko masa da wakili da likita, shi kuma ya hana fitar da bayi ta wannan hanya. Ya ambaci garuruwa biyu, Raka da Funda, inda za a sadu.

Da Clapperton ya komo ta teku a ƙarshen 1825, sai ya tarar ba wanda ya san waɗannan garuruwa a bakin teku, gama ashe suna can cikin ƙasa. Ya sauka a Badagiri, ya taka har Sakkwato, amma ya iske ana yaƙi da Borno, maganar ba ta ɗore ba. Ya rasu a nan a watan Afrilu 1827. Baransa Richard Lander ne ya ƙarasa aikin. A 1830 shi da ƙanensa suka zo Busa da Yawuri, suka samu kwalekwale, suka gangara har suka fita teku. Cikin waɗanda suka raka su akwai wani dattijo Bagobiri, Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko. Ya taɓa zama bawa, ya yi aiki a jiragen yaƙin Ingila, shi ne tafinta. Mu tuna da sunansa, domin littattafai sukan manta da irinsu.

Lakwaja, mahaɗar ruwa biyu

Da aka san bakin kogi, sai jiragen hayaƙi suka biyo. A 1832 wani attajiri, Laird, ya kawo jirage biyu. Ɗaya an sa masa sunan kogin, ɗaya kuwa na ƙarfe, an raɗa masa suna da kalmarmu, Albarka. Amma zazzaɓi ya yi musu kaca-kaca: cikin Turawa 48, mutum 9 suka koma gida. A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku, su ma fiye da mutum 40 suka mutu. Sai a 1854, da Likita Baikie ya riƙa ba mutanensa kwinin kullum, jirgi ya hau Binuwai ya komo ba a rasa ko mutum ɗaya ba. Maganin zazzaɓi shi ne ya buɗe kogin, ba ƙarfin inji ba.

A 1857 jirgin Baikie ya bugi dutse kusa da Jebba ya fashe. Wannan ya nuna iyakar tafiya. Daga Jebba zuwa Yawuri kogin cike yake da duwatsu da ruwa mai gudun tsiya, jirgin hayaƙi ba ya wucewa. Duwatsun Busa su suka tsare tsakanin Sakkwato da teku. Saboda haka wajen 1860 Baikie ya zauna a gindin Dutsen Patti, inda Kwara da Binuwai suka haɗu, da yardar Etsu Masaba na Bida. Ya buɗe kasuwa, ya yi magani, ya fanshi bayi. Nufawa da Hausawa da Yarbawa da Kakanda suka taru. Wannan ita ce Lakwaja.

A nan labarin ya taɓa gidajenmu. Samuila Ajayi Crowther, wanda aka kama shi bawa yana yaro, ya zama bishop a 1864, yana cikin tafiyar 1841 da ta 1854 da ta 1857. Abokin tafiyarsa na fari, Schön, shi ya dukufa kan Hausa, ya buga nahawu a 1862 da ƙamus a 1876. Baikie kansa ya juya waɗansu sassa na Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa yana zaune a Lakwaja. Bayan haka ta kogin nan ma'aikatan mishan suka hau zuwa Patigi a 1902, waɗansu kuma suka bi Binuwai zuwa Ibi da Wase a 1904. Littafin da aka gama bugawa da Hausa a 1932, an soma share masa hanya ne a bakin kwata.

Sannu a hankali bakin ruwan Lakwaja ya cika da sito-sito na kamfanoni. Babbansu shi ne kamfanin Goldie, wanda ya aiko wakilinsa Wurno wurin Sarkin Musulmi Umaru a 1885, ya kuma sami izinin mulki daga Ingila a 1886, aka san shi da Kamfanin Neja. Manyan jiragen teku su tsaya a Burutu, a juye kaya cikin jirage masu shimfiɗaɗɗen ciki, masu ƙafar tuƙi a baya, waɗanda ba sa bukatar ruwa mai zurfi. Itace suke ci, saboda haka ƙauyukan bakin kogi suka sami sana'ar tara musu faskare. Gishiri da yadi da kananzir su hau. Ƙwarar kaɗanya da hauren giwa da fatu da auduga su sauka. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin cikar ruwa, 'yan dako ba su da barci, gama abin da ba a loda ba kafin ruwa ya ja, sai wata shekara.

Amma ƙofar da alheri ya shigo, ta nan wuya ta shigo. Ran 1 ga Janairu 1900, a Lakwaja Gwamna Lugga ya sauke tutar kamfani ya ɗaga ta Ingila. Soja da igwa da harsashi duk ta kogi suka hau, har aka yi karon Giginya a Sakkwato ran 15 ga Maris 1903. Sarkin Kano Alu da Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, da aka tuɓe su, a Lakwaja suka ƙare kwanakinsu. Tasha ba ta zaɓen kaya. Abin da mutane suka ɗora mata shi take saukewa.

Baro da hanyar dogo

Tun da jirgi ba ya wuce Jebba, sai Turawa suka yi shawara su haɗa kogi da dogo. Suka zaɓi wani ƙaramin ƙauyen Nufe, Baro, kimanin mil 70 sama da Lakwaja. Aka soma aiki a 1907. Ƙarafan dogo da kawunan jirgin ƙasa duk ta ruwa aka kawo su, aka sauke a Baro. Talakawa da yawa suka sha aikin tilas da diga da kwando, hanya mai mil 356, har jirgi ya shiga Kano a 1911. Nan da nan Baro ta zama ƙofar Arewa: ga kwata, ga sito, ga gidajen ma'aikata a kan dutse.

Daɗinta bai daɗe ba. Dogon da ya taso daga Ikko ya zo ya haɗu da na Baro a Minna, kuma da aka gama gadar Jebba a 1916, tarago yana iya tashi daga Kano ya kai bakin teku ba a juye kaya ba. Ɗan kasuwa ba ya son sauke-ɗora, ba ya kuma son jiran damina. Sai yawancin gyaɗa ta bi hanyar Ikko, Baro ta koma ta lokacin cikar ruwa. Mu kuwa a Sakkwato, dogon da aka ja daga Zariya ya wuce Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙaraso ba. Fatunmu da gyaɗarmu da audugarmu suka riƙa tafiya fiye da mil 100 a kan jaki da raƙumi, daga baya a mota, kafin su ga tarago. Ga tashar Sakkwato ta sake gusawa.

Yadda jiragen suka ɓace

Abu uku suka kashe sufurin kogi. Na ɗaya, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya rufe ƙasan Kwara, jiragen kamfanoni suka tsaya, ba su kuma farfaɗo ba. Na biyu, da kuɗin mai suka shigo, aka shimfiɗa kwalta, manyan motoci suka ƙwace kaya, gama mota tana kai kaya har ƙofar kanti. Na uku, kogi yana bukatar kulawa: a yashe yashi, a kafa alamun hanya, a gyara kwata. Da aka daina, sai ya cike.

Madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, ta nutsar da duwatsun Busa da suka daɗe suna tare hanya, tafkinta ya kai har Yalwa. An tashi mutane kimanin 44,000 daga gidajensu, tsohuwar Busa ta shiga ƙarƙashin ruwa. An gina wa madatsar ƙofar wucewar jirage, da fatan manyan jirage za su riƙa zuwa Yalwa, wadda ke cikin Jihar Sakkwato har zuwa 1991 da aka yanki Jihar Kabi. Ga shi an kau da dutse, amma jirage ba su zo ba. A wajenmu kuma madatsar Bakolori ta 1978 da ta Goronyo ta 1984 suka sake halin gulbi, gama domin noma da ruwan sha aka yi su, ba domin tuƙi ba.

Gwamnatoci sun yi ta ƙoƙari. A 1997 aka kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, hedkwatarta a Lakwaja. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yasar Kwara daga Warri zuwa Baro, kilomita 572. A watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar Baro. Amma shekarun da suka biyo baya tashar ta zauna shiru, gama hanyar mota da ke zuwa wurinta ta lalace, tsohon dogon Minna kuma ya mutu. Darasin a fili yake. Gini ba shi ne tasha ba. Sai ruwa da hanya da kaya da mutane masu riƙon amana sun haɗu.

Tashar da ta rage mana

To, 'yan'uwa, manyan jirage sun zo sun tafi, amma kwalekwale yana nan inda Kanta ya bar shi. A ambaliyar 2010, sa'ad da ruwa ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo wajen Kwalkwalawa, da malami da ɗalibi da mai tallan nono duk kwalekwale suka koma shiga. Kowace damina dubban mutanenmu suna hayewa zuwa gona da kasuwa da makaranta da asibiti. Ashe tashar Sakkwato ta gaskiya ita ce ɗan mashigin nan na bakin ƙauye, wanda ba shi da dakali, ba shi da mai ƙidaya, ba shi da rigar hana nutsewa.

A nan kuwa rai ake asara. A watan Mayu 2021 wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Wara a Jihar Kabi, kimanin 20 kaɗai aka ceto da rai. A watan Afrilu 2022 mutum 29, yawancinsu yara, suka nutse a ƙasar Shagari garin neman itacen girki. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: tsohon jirgi mai yoyo, lodi fiye da kima, tafiyar dare, iskar hadari, da kututturan itatuwa da ke ɓoye ƙarƙashin tafki. Ba ɗaya cikinsu da ya fi ƙarfin mutum ya kiyaye.

Ba mu da ikon yashe Kwara, amma ga abin da kowane gida zai iya. In jirgi ya cika har ruwa ya kusa bakinsa, a haƙura a jira sawu na biyu. Kasuwa tana ci wani mako, rai kuwa ba a sake shi. Kada a shiga ruwa da magariba, ko hadari ya haɗu. Kada a aiki yara su haye su kaɗai, ba babba tare da su. In an ba da rigar hana nutsewa a sa ta, ba abin kunya ba ne, ba kuwa rashin bangaskiya ba ne. Inda babu, mutanen gari su haɗa kuɗi su saya, kamar yadda ake haɗawa a gyara rijiya. Ruwa ba ya tambayar addinin mutum, saboda haka wannan aiki ne na dukan maƙwabta, tare da mai gari da Sarkin Ruwa. Ku kuma masu fito, ku tuna rayuka aka ba ku amana, ba buhuna ba. Kuɗin mutum biyar na ƙari ba su kai makokin gida ɗaya ba. Masu mulki kuma, in za a yi zancen babbar tasha a yi, amma a fara da ƙaramar: dakali, da jirgi mai lafiya, da mutum guda mai ikon cewa ya isa.

Mutanen da sun ce, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Kakanninmu sun ci amfanin gulbin nan ne domin sun san halinsa, sun ba shi girmansa.

Ga aiki domin yara kafin wata mai zuwa: ku samu taswirar Nijeriya, ku sa yatsa a Sakkwato, ku bi gulbi har teku, ku rubuta sunayen garuruwa bakwai da kuka wuce. Sa'an nan ku tambayi kaka ko wani dattijo a unguwa, a wane mashigi suke hayewa kafin a yi gada, nawa ne kuma kuɗin fito.

Allah ya kiyaye matafiya, na tudu da na ruwa. Sai mun sadu a wata mai zuwa.